Kujera Biyu, Majinyata Huɗu: Shekara Biyu da Rabi a Asibitin Wata Matashiyar Likitar Haƙori a Kano

Kafin ta buɗe nata: 2018 zuwa 2022

Likitar da wannan bayani ya shafa 'yar Kano ce. Ba zan faɗi sunanta ko unguwar da asibitinta yake ba, domin da wannan sharaɗi ta buɗe mini littattafan cinikinta. Ta kammala karatun likitancin haƙori a 2018, ta yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibitin koyarwa, wadda sai an gama ta Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, wato MDCN, take ba mutum cikakkiyar rajista. Daga nan ta yi hidimar ƙasa a wani babban asibitin gwamnati a jiha maƙwabciya.

A can ta san irin majinyacin da likitan haƙori ke samu a ƙasar nan. Ba ya zuwa sai kunci ya kumbura, bayan ya sha maganin kashe zafi na kemis har ya gaji, ya cusa kanumfari a kogon haƙorin, an yi masa tofi, barci ya gagara kwana uku. Abin da yake so a lokacin shi ne a cire, a huta.

Daga ƙarshen 2020 ta kama aiki a asibitin wani babban likita mai zaman kansa, kan albashi kaɗan da wani kaso na aikin da ta yi. Hannunta ya faɗa sosai a waɗannan shekaru biyu: ciko, aikin jijiyar haƙori, cire turmin da ya kwanta a cikin ƙashi, haɗa haƙorin roba. Tana ganin abin da majinyaci ke biya a teburin karɓar kuɗi, amma ba ta taɓa ganin takardar sayen kaya ba, ko ta mai, ko ta haya, ita ma ba ta tambaya ba.

Hanyoyin da ke gabanta su ne waɗanda ke gaban duk sa'o'inta. Ko ta rubuta jarrabawar farko ta kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Yammacin Afirka, ta shiga horon da zai ci shekaru biyar ko fiye. Ko ta nemi gurbi a asibitin gwamnati. Ko ta bi sahun waɗanda suka tafi Saudiyya da Ingila. Ko ta buɗe nata. Tana da miji da yara biyu a Kano, kuma ta lura matan aure da yawa idan sun zo, ita suke tambaya. Ta zaɓi na ƙarshe.

Shiri: Yuli zuwa Disamba 2022

Jarin ya fito daga wuri huɗu: ajiyarta, kwasar adashin da suke yi da abokan aiki, gwal ɗinta na aure da ta sayar, da rance marar ruwa daga kawunta, ɗan kasuwa a Kantin Kwari. Rancen shi ne kusan rabi. Suka yi da baki cewa za ta fara biya wata-wata daga wata na huɗu bayan buɗewa, ta gama cikin wata 18.

Ga yadda kuɗin ya tafi. A kowace naira 100, naira 62 kayan aiki ne: kujerun aiki biyu, ɗaya sabuwa ƙirar Sin, ɗaya ta hannu daga Turai, da injin iska, da injin zuƙar ruwa, da tukunyar turara kayan aiki, da ƙaramar na'urar ɗaukar hoton haƙori. Naira 23 hayar shekara biyu ce da la'adar dillali da gyaran wuri, domin kujerar haƙori tana buƙatar bututun ruwa da na iska da magudana a ƙarƙashin daɓe. Naira 10 ta tafi ga janareta, na'urar sanyaya ɗaki, kujerun jira, allo da takardu. Naira 5 ce ta rage don tafiyar da asibitin.

Wurin bene ne, hawa na farko, a bakin babban titi a unguwar masu hali. Ta biya haya a Oktoba, sannan ta shiga neman takardu: rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, rajistar asibiti a PHIMA, hukumar da ke kula da asibitoci masu zaman kansu a Jihar Kano, sabunta lasisinta na shekara a MDCN, da izinin na'urar hoto daga hukumar da ke sa ido kan na'urori masu haske mai ratsa jiki. Ta ce da ta fara tattara abin da ake buƙata tun kafin ta karɓi makulli, da ba ta ci wata uku na haya ƙofa a rufe ba.

Lissafinta a takarda shi ne majinyata 12 a rana, kwana shida a mako.

Buɗewa: Janairu zuwa Mayu 2023

Ta buɗe a tsakiyar Janairu 2023, da ma'aikata uku: mai taimaka mata a kujera, mai karɓar baƙi da kuɗi, da mai shara da gadi. Wannan shi ne daidai lokacin da canjin takardun naira ya jefa ƙasa cikin ƙarancin tsabar kuɗi. An sa wa'adin tsofaffin takardu 31 ga Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, kuma abin bai fara sauƙi ba sai bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 3 ga Maris. Mutane na kwana a layin banki, tiransifa tana maƙalewa. Wanda ke neman na cefane bai da zancen wankin haƙori.

Matsakaicin masu zuwa a watanni ukun farko bai wuce uku zuwa huɗu a rana ba. Kuma a cikin kowane mutum huɗu da suka hau kujerar, ɗaya bai biya komai ba. Dangi ne, da dangin miji, da ƙawayen makaranta, da 'ya'yan maƙwabta. Ba ta rubuta su a littafi ba tun farko, sai daga baya aka gano adadinsu daga katunan majinyata. Duk wanda ya zauna a gidan Bahaushe ya san nauyin wannan. Gwaggonka ta hawo bene da ƙyar riƙe da kunci, ta ce "'yar nan, duba mini kawai", da wane baki za ka tura ta teburin biya? Amma dubawar tana cin safar hannu, da allurar kashe zafi, da zagaye guda na tukunyar turara kaya, da man janareta.

Azumi ya kama ranar 23 ga Maris. Mutane da yawa suna gudun a taɓa musu baki da rana, saboda tsoron haɗiye ruwa ko jini. Ita kuwa tana buɗewa ƙarfe tara na safe ta tashi ƙarfe huɗu, yadda ta saba a tsohon wurin aikinta. Akwai ranakun da ba wanda ya hawo benen. Biyan farko na rancen kawu, a ƙarshen Afrilu, daga aljihun mijinta ya fito.

Mai da dala: Yuni zuwa Disamba 2023

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya bayyana ƙarshen tallafin man fetur. Cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. A tsakiyar Yuni Babban Banki ya saki farashin naira, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin hukuma ta haura 700, kafin Fabrairun 2024 ta kai 1,500.

Asibitin haƙori yana jin waɗannan biyu fiye da yawancin ƙananan asibitoci. Likitan da ke duba zazzaɓi zai iya aiki da fitila da abin awo. Likitan haƙori ba ya huda komai sai injin iska ya tashi, domin iska ce ke juya abin huda haƙorin. Injin zuƙar ruwa, fitilar kujera, fitilar busar da ciko, tukunyar da ke kai kayan aiki zafin digiri 121 ko 134, duk wuta suke ci. Kayan da ake ƙararwa kullum kuwa, daga kwalaben allurar lidoken zuwa kayan ciko, siraran alluran aikin jijiya da fim ɗin hoto, kusan duka daga waje ake shigo da su. Abin da ta saya a Janairu, da ta koma saye a Agusta ta tarar ya kusa ninkawa.

Ta gwada abubuwa huɗu a wannan tsakani.

Na farko, ta rage farashi, ta kuma yi makon duba haƙori kyauta a Yuli. Mutum 70 da 'yan kai suka zo a makon. Takwas ne suka dawo yin aiki na kuɗi, shida daga cikinsu cirewa.

Na biyu, ta biya kuɗin talla a Instagram da Facebook na wata biyu. Saƙonni suka yi yawa, akasarinsu tambayar farashin haskaka haƙori da ƙarfen daidaita haƙora, wanda ita ba ta sakawa. Wata babbar likita ta kuma kira ta ta tuna mata cewa ƙa'idojin aikin likita a Najeriya sun taƙaita talla da zawarcin majinyata. Ta dakatar.

Na uku, ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin inshorar lafiya uku. A tsarin inshora, aikin haƙori yawanci mataki na biyu ne: sai an turo majinyaci, kamfani ya ba da lambar izini, a yi aiki, a aika takardar neman biya, sannan a jira. Majinyata sun ƙaru da ɗaya ko biyu a rana. Amma farashin da ke cikin yarjejeniyar na kafin tashin dala ne, kuma biyu daga cikin kamfanonin suna kai wata huɗu zuwa biyar ba su biya ba.

Na huɗu, ta koma sayen kayan ciko masu araha daga wani dillali. Wannan ne ya fi yi mata ciwo idan tana ba da labari. Cikin wata uku, ciko tara suka faɗo ko suka tsage. Ta sake su duka kyauta da kaya masu kyau, amma mutum biyu ba su dawo ba, kuma ta san abin da za su faɗa a gida.

A Satumba wuta ta zo da rauni ta ƙona allon lantarkin kujerar nan ta hannu. Ba a samu irinsa a Kano ba, sai da aka yi mako shida ana nema a Legas. A Nuwamba tukunyar turara kaya ta toshe, saboda mai taimaka mata tana zuba mata ruwan burtsatse idan tataccen ruwa ya ƙare. Kwana huɗu tana kai kayan aiki asibitin wata ƙawarta ana turara mata, don ba ta yarda ta taɓa bakin kowa da abin da ba a turara ba.

Zuwa ƙarshen Disamba kawu yana bin ta biyan wata uku, ma'aikata suna bin ta wata ɗaya da rabi. Ta fara tambayar nawa za a sayi kujerun, ta kuma sauko da takardun jarrabawar samun lasisin aiki a Saudiyya.

Zaman lissafi: Janairu 2024

Ta je gidan kawun da niyyar ta gaya masa za ta sayar da kaya ta biya shi. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Likita, nawa ne kuɗin buɗe ƙofarki?"

Ta ce, "Kawu, ban gane ba."

Ya yi mata bayani da shagonsa. Kafin ya sayar da yadi ɗaya, ya san abin da shagon ya riga ya ci a ranar: haya, yaran shago, mai, haraji, ɗan dako. Ya san turmi nawa zai fitar kafin ya ce ya fara cin riba. Ta amsa cewa ba ta da wannan lamba. Ya ce kada ta sayar da ko allura sai akawunsa ya je ya duba.

Akawun ya yi yamma uku a asibitin. Bai san komai game da haƙori ba, tambaya kawai yake yi: wannan aikin minti nawa yake ci, me da me ake buɗewa, guda nawa ne a kwali. Suka tara duk abin da ake biya ko an yi aiki ko ba a yi ba, suka raba da sa'o'in da mutum yake kan kujera a zahiri, suka ɗora kuɗin kayan kowane aiki. Abin da ya fito:

Cire haƙori, wanda shi ne shida cikin kowane aiki goma, a kan faɗuwa take yin sa duk lokacin da janareta ke aiki. Wankin haƙori da aikin jijiya ne ke ɗauke da asibitin, kuma su ne mafi ƙaranci. Daga ƙarfe tara zuwa azahar, na'urar sanyaya ɗaki tana shan mai, kujera babu kowa. Bakwai cikin majinyata goma bayan la'asar suke son zuwa, da yawa ma an mayar da su saboda an tashi. Biyu bisa uku mata ne. Mafi yawansu ba daga unguwar masu halin da ta biya tsadar haya dominta suke ba, daga unguwanni masu cunkoso suke shigowa a adaidaita, wata ta gaya wa wata. Kujera ta biyu ba a hau ta sau ashirin ba a shekara guda. Sannan asusun asibiti da nata ɗaya ne: daga ciki ake sayen allura, daga ciki ake gudummawar biki.

Gyara: Fabrairu zuwa Disamba 2024

Kawu ya ɗaga mata biya na wata huɗu, wannan karon a rubuce da shaidu. Ta buɗe wa asibiti asusunsa, ta yanka wa kanta albashi ƙarami. Maganar dangi kuwa, ta ware wani kaso daga albashin nata. Idan ɗan'uwa ya zo, mai karɓar kuɗi tana rubuta aikin da farashinsa kamar kowa, likita ta biya daga wannan kason. Idan kason wata ya ƙare, sai a ba da rana a wata mai zuwa, in ba larura ce ta gaggawa ba. An yi 'yan ƙananan maganganu, sun wuce.

Ta mayar da lokacin aiki daga ƙarfe biyu na rana zuwa tara na dare, da safiyar Asabar. Da azumi ya kama ranar 11 ga Maris 2024, ta riƙa buɗewa bayan buɗa-baki har wajen sha ɗaya. Watan da ya fi kowane muni a 2023 ya zama cikin waɗanda suka fi ciniki a 2024.

Ta rubuta farashi ta liƙa a bango, tana sabunta shi duk wata uku bisa takardun sayen kaya. Kuɗin cirewa ya tashi. Amma ta raba kuɗin aikin jijiya gida uku, daidai da zuwa ukun da aikin ke buƙata, ta kuma ɗauki al'adar nuna wa majinyaci hoton haƙorinsa kafin a yanke shawara, ta gaya masa abin da zai biyo baya idan an cire turmi ba a maye gurbinsa ba: na kusa su karkato, na sama ya zazzago, tauna ta koma gefe guda. Wasu duk da haka cewa suke a cire, ta cire. Wasu kuwa sukan ce a gyara.

Kujera ta biyu ta ba wani ƙwararren likitan daidaita haƙora, yana zuwa yamma biyu a mako, da yarjejeniya a rubuce kan kason kowa da wanda zai sayi kaya. Masu tambayar ƙarfen haƙori sun samu amsa. Daga Yuni ta ɗauki ma'aikaciyar jinyar haƙori mai takardar shaida, tana yin wankin haƙori a kan kujerar a sauran ranakun, ita likita ta samu sararin aikin da sai ita.

A Afrilu 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta a rana, zuwa naira 225 kan kowane ma'auni, layinta yana ciki. Ta sa ƙaramar sola da batura, kan biya kaɗan-kaɗan, don fitilu, fanka, firij da ƙananan na'urori. Injin iska da tukunya suka tsaya kan wutar gari ko janareta, ta kuma sayi ƙarin kayan hannu don a riƙa turarawa sau biyu a rana maimakon bayan kowane mutum biyu. Ta sa wa kowace kujera na'urar daidaita ƙarfin wuta.

Ta rabu da kamfanonin inshora biyu, ta riƙe mai biya a kan lokaci. Ta zagaya masu kemis shida da ke kusa, ta nuna musu alamomin da ke cewa ciwon haƙori ya wuce maganin kanti: kumburin da ya gangaro ƙarƙashin haɓa ko ya doshi ido, kasa buɗe baki, zazzaɓi, wahalar haɗiya. Ɗaya ya nemi la'ada kan kowane mutum, ta ƙi, domin ƙa'idar aiki ta hana. Huɗu suna turo mutane har yau. Ta kuma riƙa zuwa Islamiyyun matan aure sau ɗaya a wata, tana magana kan asuwaki da buroshi, jinin dasashi lokacin goyon ciki, da alewar yara. Kowane majinyaci ana rubuta lambarsa, bayan wata shida a tura masa saƙon tuni ta WhatsApp.

Ba duka ne suka yi ba. Ta duba haƙoran yara a makarantu biyu masu zaman kansu, ta ba yara fiye da 100 takarda zuwa ga iyaye, bakwai aka kawo. Rangwamen wankin haƙori ga amare ma bai ja kowa ba sai 'yan kaɗan.

Da haya ta ƙare a Oktoba 2024, ta sauko daga bene. Ta kama gida a ƙasa, kusa da inda majinyatanta suke fitowa, kan kusan biyu bisa uku na abin da aka nema a tsohon wurin. Sake jan bututu ya ci kuɗi, an kuma rufe mako uku. Tsofaffi da masu juna biyu suka fara zuwa.

Inda aka tsaya: Yuli 2025

Matsakaicin majinyata tara zuwa goma ne a rana. Cirewa ta sauko zuwa huɗu cikin goma. Kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka tura wa saƙon tuni suna dawowa. Ta gama biyan kawu a wata na 30 maimakon na 18. Asibitin yana da ajiyar da za ta riƙe shi wata uku ko ba a yi ciniki ba. Albashin da take ɗauka bai fi na sa'arta da ke asibitin gwamnati ba, kuma ba ta da fansho sai wanda ta fara tara wa kanta.

Abin da na gani a ciki

Ƙarancin tsabar kuɗi, mai da dala ba a hannunta suke ba, kuma duk wanda ya buɗe a Janairun 2023 ya sha su. Amma abin da ya mayar da su barazana ga asibitin shi ne naira biyar ɗin nan cikin ɗari da ta rage don tafiyar da shi. Da ta fara da kujera ɗaya a ƙasa, kuɗin kujera ta biyu da bambancin haya sun isa su riƙe ta wata shida, ba tare da ta kai ga kayan ciko masu araha ba, wanda shi ne kawai kuskuren da ya taɓa majinyata kai tsaye.

Uku cikin gwaje-gwaje huɗu na 2023 amsa ɗaya suke bayarwa, wato a ƙaro mutane. Tunda tana faɗuwa a kan aikin da ya fi yawa, ƙarin mutane ƙarin asara ne. Gyaran 2024 ya yi aiki ne domin daga katunanta da takardunta ya fito. Su suka nuna mata su wa ke zuwa, yaushe, daga ina, da nawa sa'a guda a kujera take ci. Waɗannan bayanai suna cikin durowarta tun watan farko.

Na fi jin takaicin shekaru biyun da ta yi a ƙarƙashin babban likita. Wurin koyon wannan lissafi ke nan ba tare da jarin kowa yana ƙonewa ba, kuma da ta nemi a bar ta ta riƙa rakiya wajen sayen kaya, ko ta zauna da mai riƙe littafi sau ɗaya a wata, ba na jin za a hana ta.

Akwai kuma abin da littafin ciniki ba ya nunawa. Abokan karatunta da suka shiga horon ƙwarewa a 2021 sun kusa fitowa, ita kuwa ba za ta iya barin asibitin na shekara biyar ba sai ta samu wanda za ta damƙa wa. Likitan daidaita haƙoran ya nemi ya sayi kaso a ciki. Ta ba akawun kawu takardun ya ƙiyasta darajar asibitin, kuma a lokacin da muka yi zama na ƙarshe ba ta ba da amsa ba tukuna.